Kada a toshe Windows Update, a sa masa rana

Duk wanda ya sayi laftof ta hannu a Birnin Kebbi ko Jega ya miƙa wa mai gyara a ɗora masa Windows da Office, akwai abin da galibi ake yi masa ko bai nema ba: a kashe Windows Update, wato hanyar da Windows ke sauke gyare-gyarensa daga Microsoft, ɗungurungum. Wani ta services.msc yake bi ya kashe, wani kuma yana da 'yar manhaja a filas ɗinsa da ke toshe shi da dannawa ɗaya. Ka tambayi dalili, ba zai wuce uku ba: yana shanye data, yana sa na'ura nauyi, yana ɓata firinta. Ukun nan duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Maganin da aka zaɓa ne bai yi ba, domin gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Abin da nake so mai shagon buga takardu, da malamin da ke ajiye sakamakon ɗalibai a laftof, da ɗalibin da ke rubuta furojet a Aliero ko Kalgo su riƙe shi ne, sabunta Windows tamkar juyen baƙin mai ne a janareta. Ba a barinsa, ba a kuma yinsa ana tsakiyar aiki. Rana ake sa masa, a shirya, a yi, a rufe sai wata mai zuwa.

Ba duk abin da ke saukowa ne iri ɗaya ba

Rashin bambance su shi ne tushen rikicin. Mafi muhimmanci shi ne facin tsaro na wata-wata. Microsoft na sakinsa ranar Talata ta biyu a kowane wata, tsarin da ta fara tun Oktoban 2003, kuma a agogonmu yana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma, wajen magariba. Kowanne yana da lamba mai farawa da KB. A dunƙule yake zuwa, ma'ana na wannan watan yana ɗauke da gyare-gyaren duk watannin baya. Don haka kwamfutar da ta yi wata takwas a rufe ba sai ta sauke faci takwas ba, na ƙarshen kaɗai ya wadatar. Mutane da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa suke tsoron buɗe abin da aka daɗe da toshewa.

A mako na huɗu kuma akwai wani da ke fitowa da kalmar Preview a jikin sunansa. Wannan ba shi da sabon facin tsaro, gyaran ƙananan kurakurai ne da sababbin abubuwa da ake son a gwada kafin a zuba su cikin na wata mai zuwa. Kwamfutar da ake neman abinci da ita ba ta da hurumi da shi. A shafin Windows Update akwai makunni mai rubutu Get the latest updates as soon as they're available, a tabbatar a kashe yake.

Sai babban sauyi na shekara-shekara, irin su 23H2, 24H2 da 25H2. Lambar farko shekara ce, H2 kuma rabin shekara na biyu. Ba nauyinsu ɗaya ba. 24H2 da ya fito 1 ga Oktoban 2024 sauya Windows ɗin ne baki ɗaya, kamar a sauke inji a ɗora wani. 25H2 kuwa, ga wanda ya riga ya hau 24H2, ɗan ƙaramin fayil ne da sake kunnawa sau ɗaya. Kowane zubi na Windows 11 Home da Pro wata 24 yake samun faci: na 23H2 ya ƙare 11 ga Nuwamban 2025, na 24H2 kuma 13 ga Oktoban 2026 ne wa'adinsa. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta winver, za ka ga wanda kake kai.

Ragowar su ne direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan na'ura aiki) da BIOS (manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows) da ke ɓoye ƙarƙashin Optional updates, da kuma bayanan da Defender, antibairos ɗin da ke cikin Windows, ke gane ƙwayoyin cuta da su, waɗanda ƙanana ne kuma suna saukowa kullum. Game da direbobi hukuncina gajere ne: in sauti na fita, Wi-Fi na kamawa, allo lafiya, kada ka taɓa.

Me ake facewa?

A 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a tsohuwar hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, wadda ake kira SMBv1. Wata biyu bayan nan, 12 ga Mayu, cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ba sai mutum ya danna komai ba, in kwamfuta ɗaya ta kamu sai ta bi waya ta harbi maƙwabtanta. Waɗanda suka sa facin Maris ba ta shige su ta wannan ƙofar ba. Ka kwatanta da shago mai kwamfuta goma a kan rawuta ɗaya lokacin rajistar JAMB.

Akwai masu cewa, "Ai ni ba na hawa intanet da ita, taifin kawai nake yi." To filas nawa ake soka mata a wuni? A 2010 an gano wata ɓaraka a yadda Windows ke nuna hoton gajeriyar hanyar fayil, wadda cutar Stuxnet ta yi amfani da ita: buɗe filas ɗin kawai a ga abin da ke ciki ya isa cutar ta tashi. A Agustan shekarar aka face ta. Shagon da kowane kwastoma ke zuwa da filas ɗinsa daga wani shagon ya fi mai zaman gida da intanet shiga haɗari.

Wani abin da ya sa toshewar dindindin ta ƙara muni shi ne takardun shaidar Secure Boot, waɗanda kwamfuta ke tantance Windows da su tun kafin ya tashi. Na 2011 ne a cikin yawancin na'urori, wa'adinsu na fara ƙarewa daga Yunin 2026, kuma sababbin ta Windows Update suke isowa. Wadda ba ta karɓa ba za ta ci gaba da tashi, amma gyaran tsaro na wannan sashen ya wuce ta.

Gyare-gyaren jin daɗi ma suna nan, ko da yake ba su ne hujjata ba. Windows 11 na yanzu yana buɗe fayilolin RAR da 7z da kansa, ba sai an nemo wata manhaja mai fashi ba. 24H2 ya zo da Energy saver mai rage cin batir, ya kuma cire WordPad, abin da ya kamata mai buɗe tsofaffin takardu da shi ya sani tun kafin ya hau.

Wani lokacin facin ne ke kawo ciwo

Masu gyara ba daga sama suka ɗauko tsoronsu ba. A Oktoban 2018 zubin 1809 na Windows 10 ya goge wa wasu fayilolin da ke cikin Documents, har aka janye shi cikin 'yan kwanaki, ba a sake sakinsa ba sai tsakiyar Nuwamba. A Maris 2021 facin KB5000802 ya riƙa jefa kwamfuta cikin shuɗin allo da zarar an tura aiki zuwa wasu firintoci, musamman na Kyocera. A Yulin 2024 wasu sun kunna kwamfuta bayan faci suka tarar tana neman mabuɗin BitLocker, tsarin da Windows ke kulle faifai da shi. A Agustan shekarar masu Windows da Linux a na'ura ɗaya wasunsu suka kasa shiga Linux. A Oktoban 2025 kuma KB5066835 ya hana kibod da maus na USB aiki a shafin ceto na Windows 11, wato wurin da ake gudu in komai ya lalace, sai da aka fitar da gyaran gaggawa cikin mako guda. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Amma a lura da abu ɗaya a duk waɗannan: cikin kwanaki kaɗan ake gano matsalar, a rubuta ta a shafin Microsoft mai suna Windows release health, sannan ko a janye facin, ko a fitar da na gaggawa, ko a kashe ɓangaren da ya lalace daga can ba tare da ka yi komai ba. Wanda ya sa faci daren da ya fito shi ke zama zakaran gwajin dafi. Wanda ya jira kwana biyar zuwa bakwai ya tsallake yawancin wannan, kuma bai bar ƙofarsa a buɗe da daɗewa ba. Wanda ya jira shekara biyu kuwa ba jira yake ba.

Yadda ake sa ranar

Ka zaɓi Lahadin da ke bin Talata ta biyu, ko duk ranar da shago ba ya cika a wannan makon. Windows na yarda a dakatar da sabuntawa har mako biyar, kwana 35, ta Pause updates. Tazarar Talata ta biyu zuwa ta wata mai zuwa kuwa mako huɗu ce ko biyar, don haka lissafin ya yi daidai: ranar aikinka ka danna Resume updates, ka sa komai, ka sake kunnawa, ka kuma dubawa har ya ce babu saura, sannan ka dakatar na mako biyar. Bayanan Defender na ci gaba da shigowa ko an dakatar. Kada a kuskura a yi wannan tsakiyar rajistar JAMB, WAEC ko NECO da rana tsaka, layi na jira. In kwamfutocin da yawa ne, a fara da guda ɗaya, a buga takarda da ita, a yi sikanin, a shiga shafukan da ake aiki da su, sannan a bi sauran.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka danna komai, wuta tukuna. Lokacin saukewa in an ɗauke wuta ba komai, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Haɗarin yana lokacin da allo ya nuna kashi cikin ɗari yana cewa kada a kashe, domin a nan ake musanya fayilolin da Windows ke tashi da su. Laftof mai lafiyayyen batir ta tsira, a dai cika ta a bar caja a jiki. Amma yawancin na hannu batirinsu ya gaji, yana nuna 80 sai ya mutu cikin minti goma. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton, ka gwada Full charge capacity da Design capacity. In bai kai rabi ba, ɗauke ta a matsayin kwamfutar tebur. Ita kuwa ta tebur, ƙaramin UPS mai 650VA mintoci kaɗan yake riƙewa, amfaninsa kawai ya tsallakar da kai daga wutar gari zuwa janareta. A yi aikin a kan sola da inbata, ko a tayar da janareta mai isasshen mai tun farko. Sabunta BIOS ya fi kowanne tsanani: in wuta ta yanke a tsakiyarsa, na'urar na iya ƙin tashi kwata-kwata, fomatin ma ba zai taimaka ba.

Zafi ma abin lissafi ne a nan. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin Kebbi ke haura digiri 40, faci na sa furosesa aiki tuƙuru na tsawon lokaci. In ka duba Task Manager za ka ga Windows Modules Installer Worker ya cinye kusan komai, kuma hakan daidai ne. Laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka za ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar aiki, sakamakon kuwa ɗaya ne da ɗauke wuta. A hure ƙurar, a ɗora ta kan tebur ba kan katifa ko darduma ba, a yi da dare ko bayan asuba.

Sai wuri. Ka bar aƙalla gig 10 a faifan C don na wata-wata, gig 20 zuwa 30 don babban sauyi. Disk Cleanup, ta Clean up system files, yana kwashe tarkacen tsofaffin faci. Sai ajiya: Documents, Desktop da duk jakar aikin kwastomomi a kwafe su zuwa wani faifai na waje, a zare shi. System Restore ma a duba, domin a kwamfutoci da yawa a kashe yake. Rubuta Create a restore point a wurin nema, ka kunna wa C, ka ƙirƙiri guda. Amma fa ba ya dawo da takardunka, saitin Windows kawai yake mayarwa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, BitLocker. Tun daga 24H2, in aka ɗora Windows sabo aka shiga da asusun Microsoft, na'urar kan kulle faifanta da kanta, ko da Home ce, ta ajiye mabuɗin mai lamba 48 a cikin wannan asusun. A wajenmu wa ke shiga da asusunsa ranar ɗora Windows? Sau da yawa mai gyara ne, ko yaronsa, ko wani imel da aka buɗe a tsaye aka manta kalmar sirrinsa. Ranar da sabunta BIOS ko wani faci ya sa ta nemi mabuɗin, babu mai gyaran da zai iya fasa ta, Microsoft ma ba za ta iya ba. Ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta manage-bde -status. In ya nuna a kulle take, sai ka rubuta:

manage-bde -protectors -get C:

Ka kwafe lambobin 48 a takarda da biro, ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. 'Yan'uwa masu gyara, don Allah ku riƙa miƙa wa mai kaya wannan takardar tare da cajarsa.

Maganar data

Kukan data gaskiya ne, kuma yana da magani ba tare da toshewa ba. Windows na ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin na banza, bai san hosfot ɗin wayarka ne mai gig biyu ba. Ka shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, ka buɗe sunan layin, ka kunna Metered connection. Daga nan zai daina sauke manyan abubuwa da kansa, sai 'yan ƙalilan da ya ɗauka na dole. Kowane layi daban ake yi masa, na MiFi daban, na waya daban. Ranar aiki ka cire, ka yi amfani da datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa, ka gama ka mayar.

Mai kwamfutoci da yawa yana da hanya biyu. Ta farko Delivery Optimization, a ƙarƙashin Advanced options: ka yarda a karɓa daga wasu na'urori, amma ka zaɓi na cikin gida kawai, Devices on my local network. In ɗaya ta sauke, sauran sai su ɗiba daga gare ta ta rawuta. Kada ka zaɓi mai haɗawa da intanet, domin datarka za a riƙa yi wa baƙi hidima da ita. Ta biyu ita ce shafin intanet na Microsoft Update Catalog: ka nemi lambar KB ta watan, ka sauke fayil mai ƙarewa da .msu wanda ya dace da zubinka da x64, ka zuba a filas ka zagaya da shi. Wannan ita ce hanyar makarantu da ofisoshin ƙauye inda sabis ba ya da ƙarfi, a sauke a Argungu ko Yauri a kai musu. Sai dai a sani, na 24H2 a Catalog ya haura gig 3, ya fi abin da kwamfuta ɗaya za ta ja da kanta, don haka ba ya da riba sai na'urorin sun kai huɗu ko biyar. Kuma yana tafe da wani tsohon faci na Satumban 2024, KB5043080, wanda dole ya riga shi shiga in babu shi.

In ya ƙi shiga

Lambar kuskuren da ya nuna ba ado ba ce, a rubuta ta. 0x80070070 wuri ne ya ƙare. 0x80072F8F yawanci agogo ne ba daidai ba, kuma wannan ya yi yawa a tsofaffin na'urori: ƙaramin batirin CR2032 mai bolt 3 da ke kan allon uwa (motherboard) ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, sai Windows ya ƙi amincewa da shafin Microsoft. A gyara agogo, a sa yankin West Central Africa, a canza batirin. Duk lambar da ta fara da 0xC1900101 direba ne ya hana babban sauyi, a zare firinta, sikana da duk abin da ke USB, a cire tsohon antibairos, a sake gwadawa. 0x80073712 da 0x800F081F kuwa fayilolin Windows ɗin ne suka lalace ko suka ɓace, galibi sanadin yawan mutuwar wuta. Ga umarni biyu na gyara su a jere, a Command Prompt na Administrator, da intanet a haɗe:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

sfc /scannow

Na farkon kan yi kamar ya maƙale a wajen kashi 62, a ƙyale shi. In abin da aka sauke ne ya gurɓace, a tsayar da ayyukan sabuntawa uku, wuauserv, bits da cryptsvc, da umarnin net stop, a canza wa jakar C:\Windows\SoftwareDistribution suna, a sake kunnawa. Wannan na nufin saukewa daga farko, wato wata datar, don haka ba shi ne matakin farko ba.

Ba kowane jan rubutu ne ke bukatar fomatin ba. A Janairun 2024 KB5034441 ya riƙa faɗuwa da 0x80070643 a kwamfutocin Windows 10 masu yawa, dalilin kawai ɓangaren ceto na faifai ba shi da sararin MB 250 da ake bukata. Windows ɗin lafiyarsa lau. In ma abin ya ci tura, a Windows 11 akwai Fix problems using Windows Update a ƙarƙashin System, Recovery, wanda ke sake ɗora Windows ya bar fayiloli da manhajoji yadda suke.

In kuwa an ɗora maka irin Windows ɗin da aka yi wa fiɗa, masu suna Lite ko Super Lite, an cire masa kayan sabuntawar ne tun asali, babu umarnin da zai dawo da su. Sai sabon ɗori daga ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows, na Microsoft, da filas mai gig 8. Kuma a sani, Windows da ba a yi wa rajista (activation) ba ma yana karɓar facin tsaro.

Mai tsohon faifai mai juyawa da RAM gig 4 ya yi haƙuri: awa biyu a kan kashi ɗaya ba maƙalewa ba ce matuƙar fitilar faifai na ƙiftawa. Sa SSD, faifai mai sauri marar juyawa, mai gig 256 shi ne gyaran gaskiya na wannan nauyin da ake ɗora wa faci.

In kuma ya shiga ya ɓata wani abu, a cire shi kaɗai: Update history, Uninstall updates, a zaɓi KB ɗin ranar, sannan a dakatar don kada ya dawo. In Windows ya ƙi tashi, a kashe ta da maɓalli tana cikin tashi sau biyu zuwa uku, za ta shiga shafin ceto, a bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates. Babban sauyi kwana 10 kawai yake ba da damar komawa ta Go back, kuma duk wanda ya goge jakar Windows.old don neman wuri ya rufe wa kansa wannan ƙofar.

Firintar da ake rabawa tsakanin kwamfutoci ta cancanci magana ta musamman. Bayan ɓarakar PrintNightmare ta 2021 an tsaurara yadda Windows ke magana da firintar wata kwamfutar, daga nan kuskuren 0x0000011b ya yi suna. Dabarar da ta yaɗu ita ce a shiga Registry, ma'ajiyar saitin Windows, a kashe kariyar, wato a sake buɗe ramin da aka cike. Abin da ya fi shi ne kwamfutar da firinta ke jiki da masu turo mata aiki duk su kasance a kan facin wata ɗaya. In firintar na da ramin waya ko Wi-Fi, a haɗa ta da rawuta kai tsaye, a ba ta adireshin IP tsayayye, kowace kwamfuta ta same ta da kanta. Haka jakar da ake rabawa babu kalmar sirri, 24H2 Pro na ƙin shigarta. A buɗe mai amfani da kalmar sirri a kwamfutar da jakar take, a shiga da shi.

Masu Windows 10

Microsoft ta daina ba Windows 10 faci kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025, tare da Office 2016 da 2019. Zubinsa na ƙarshe 22H2 ne. An buɗe wa masu amfanin gida shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU zuwa 13 ga Oktoban 2026, da asusun Microsoft, ko dai a biya dala 30 ko a kunna ajiyar saiti ta Windows Backup a samu kyauta. Bayanan Defender za su ci gaba har 2028, amma Defender mai gadi ne, ba ya gyara katangar da ta tsage.

Matsalar ita ce kasuwarmu cike take da na'urorin da Windows 11 bai yarda da su ba. Yana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0, RAM gig 4, faifai gig 64, da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. Ana iya tsallake shingen da Rufus, manhajar haɗa filas ɗin ɗora Windows, kuma yana tashi, amma babban sauyi na shekara ba zai zo da kansa ba, sai an sake yi da hannu duk lokacin da wa'adin zubin ya cika, Microsoft kuma ba ta yi alkawarin faci ga irin wannan ba. Tsofaffi sosai, irin Core 2 Duo, 24H2 ba ya tashi a kansu ko da dabara. Wadda aikinta burauza ne da taifin, Linux Mint, tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, zai riƙe ta da faci na shekaru. Wadda CorelDRAW ko Photoshop ke kanta kuwa dole ta zauna a Windows, sai a cire ta daga intanet, a daina shiga banki ko shafin rajista da ita, a bar wannan ga wadda ke karɓar faci.

Mai shirin saye yanzu ya duba lambar furosesa kafin ya biya, a Settings, System, About, ba sitikar da ke jikin murfi ba. i5-6300U zubi na 6 ne, i5-7200U na 7, i5-8250U na 8. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460 duk suna ƙasan layin. EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 galibi suna samansa, amma akwai masu zubi na 7 a cikinsu, don haka lambar ce hujja ba sunan ba. Ka rubuta tpm.msc a wurin nema tun kana gaban mai shago, ka ga 2.0 da idonka, sannan a yi ciniki.